Wanda Ya Faɗi Jarrabawar Ƙwarewa a Harkar Kuɗi: Ya Rubuta a Takardar Neman Aiki Ko Ya Yi Shiru?

Duk sanda cibiyoyin akantoci suka saki sakamakon jarrabawarsu, akan samu matasa a Sakkwato da ke fama da wata tambaya da ba kasafai ake yin ta a bainar jama'a ba. Mutum ya gama digiri ko babbar difloma a fannin akanta, ya yi bautar ƙasa, ya tara kuɗi ya zauna jarrabawar ƙwarewa, sakamako ya fito bai haye ba. Ana cikin haka sai ga tallar gurbin aiki a banki, ko a sashen kuɗi na wata ƙungiyar agaji. Shin zai rubuta cewa ya zauna ya faɗi? Zai yi shiru? Ko zai bi hanyar da ta fi yawa yanzu, ya rubuta cewa shaidar tana nan tafe?

Idan ya nemi shawara, amsoshin da zai ji ba za su zo ɗaya ba. Wani zai ce masa ɓoyewa ha'inci ne, musamman ga mai neman a damƙa masa dukiyar mutane. Wani zai ce ba a taɓa ganin mai tallar aibinsa ba. Ruɗanin ya samo asali ne daga cakuɗa abubuwa uku da hukuncinsu ya bambanta: yin shiru kan abin da ba a tambaya ba, yi wa gaskiya kwalliya har ta canja kama, da kuma musanta abu bayan an tambaye shi kai tsaye.

Ma'anar kalmomin da ake amfani da su

Takardar da ake kira CV, wadda Amurkawa suka fi kira resume, taƙaitaccen tarihin karatu da aikin mutum ne. Mai neman aikin ne ke tsara ta da kansa, shi ke zaɓar abin da zai shiga da abin da zai bari, kuma mai karanta ta ya san haka. Ta bambanta da fom ɗin neman aiki, wanda ma'aikata ce ke tsara tambayoyinsa, mai nema ya cike, ya sa hannu a ƙasa cewa duk abin da ya rubuta gaskiya ne. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya, kuma shi aka fi mantawa da shi.

Jarrabawar ƙwarewa kuwa ita ce wadda wata cibiya ta masu sana'a ke shiryawa, ba jami'a ba, domin tantance wanda ya cancanci a kira shi ƙwararre. Ana yin ta mataki-mataki, kowane mataki da darussansa, waɗanda ɗalibai ke kira fefa. Akwai kuma rangwame, wato a ɗauke wa mutum wasu darussa saboda digirin da ya riga ya yi. Wanda ya yi rajista yana zama ɗalibin cibiyar ne kawai. Mamba shi ne wanda ya gama dukan matakai, ya cika sharuɗɗan gogewa a aiki, aka rantsar da shi, aka ba shi lamba. Haruffan da ake gani bayan sunan mutum, irin su ACA ko CNA, na mamba ne shi kaɗai.

Sai kalmomin Turanci guda biyu da suka cika takardun neman aiki a Najeriya: in view, ma'ana abin yana kan hanya, an kusa samu. Za mu dawo kansu, domin a nan mafi yawan matsalar take.

Cibiyoyin da ake magana a kansu

Wadda aka fi sani ita ce ICAN, cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, wadda dokar majalisa ta kafa a 1965. Jarrabawarta tana da matakai uku: na tushe, na tsakiya, da na ƙarshe, kuma makin ci 50 ne cikin 100. Tana kuma gudanar da wata jarrabawa ta ƙananan akantoci da ake kira ATSWA, wadda ƙasashen Afirka ta Yamma suka yi tarayya a kanta. Sai ANAN, ƙungiyar akantoci ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ta samu amincewar doka a 1993, tana da kwalejinta a Kwall kusa da Jos, kuma ma'aikatan gwamnati da dama a Arewa ta nan suke bi. Ma'aikatan banki suna da CIBN, masu harkar haraji suna da CITN, dillalan hannun jari suna da CIS.

Daga waje akwai ACCA ta Ingila, mai darussa 13, da kuma CFA ta Amurka, mai matakai uku, wadda ta fi shafar masu nazarin zuba jari.

Masu zama waɗannan jarrabawa a Sakkwato galibi ɗaliban da suka fito daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, sai ma'aikatan da ke neman ƙarin girma. Wuraren da suke nema kuwa sanannu ne: ofishin Babban Akanta na jiha da na Babban Mai Binciken Kuɗi, hukumar tattara haraji, sassan kuɗi na ƙananan hukumomi 23, ofishin kuɗi na jami'a da na asibitin koyarwa, rassan bankunan kasuwanci da na Musulunci, ƙananan bankuna, kamfanin siminti na BUA da ke Kalambaina, da ƙungiyoyin agaji na ciki da waje. Kasuwar aikin ba ta da faɗi, kuma masu ɗaukar aikin sun san juna. Wannan yana da tasiri a kan abin da ya kamata mutum ya rubuta.

Me ya sa faɗuwa ta zama ruwan dare?

Wanda bai san tsarin ba yakan ɗauki faɗuwa jarrabawar ƙwarewa kamar keriyoba a jami'a, wato darasin da ɗalibi ya faɗi ya ɗauko zuwa shekara ta gaba alhali abokan ajinsa sun wuce. Kwatancin bai dace ba. A jami'a mafi yawan aji ne ke ci. A waɗannan jarrabawa, sau da yawa waɗanda suka faɗi sun fi waɗanda suka ci yawa. A matakin farko na CFA, matsakaicin masu ci a tsawon shekaru yana wajen kashi 40 cikin 100, kuma a zaman watan Yulin 2021 ya sauko har kashi 22. A ACCA, darussan matakin ƙarshe irin su binciken kuɗi mai zurfi sau da yawa masu cin su ba sa kai kashi 40. ICAN ma bayan kowane zama takan fitar da wani kundi mai suna Pathfinder, wanda ke ɗauke da tambayoyi da amsoshi da rahoton masu duba takardu, kuma duk wanda ya karanta shi zai ga yadda suke yawan kokawa da raunin amsoshin da aka ba su.

Ga ɗalibin Sakkwato akwai ƙarin nauyi. Manyan cibiyoyin koyar da waɗannan darussa sun fi yawa a Legas da Abuja. Mafi yawan masu zama ma'aikata ne masu iyali, karatunsu bayan Isha'i ne ko bayan Asuba, ga zafin bazara, ga wutar lantarki da ba ta da tabbas. Cibiyar CFA da kanta tana cewa ɗalibai kan kashe sa'o'i wajen 300 a kan kowane mataki. Kuɗin jarrabawar waje kuma da dala ko fam ake biya, rajistar mataki guda na CFA tana wajen dala 1,000 ko fiye, kuma tun da darajar naira ta faɗi a tsakiyar 2023 da yawa suka dakata, ba don ƙwaƙwalwa ta gaza ba, aljihu ne ya gaza.

Duk akantan da ke zaune a kwamitin ɗaukar aiki ya san wannan, domin shi ma ta nan ya biyo. Saboda haka faɗuwa sau ɗaya ko biyu ba labari ba ne a wurinsa.

Masu cewa a rubuta

Hujjarsu ta farko amana ce. Suna cewa aikin kuɗi gaba ɗayansa an gina shi ne a kan bayyana abin da ba a so a ji: asara, bashin da ba zai dawo ba, giɓi a lissafi. Wanda ya fara ɓoye rauninsa tun a ƙofa, yaya za a yi ya bayyana raunin asusu?

Hujja ta biyu ita ce zama jarrabawar kansa alama ce ta himma. Wanda ya karanta manhajar haraji ko ta rahoton kuɗi har ya shiga ɗakin jarrabawa ya fi wanda bai taɓa buɗe littafin ba, ko da bai kai maki 50 ba. Ta uku kuma, idan mutum ya yi shekara guda ba aiki yana karatu, takardarsa za ta nuna giɓi, gara ya faɗi dalili da a bar mai karatu ya yi ta zato.

Wasu ma sukan kawo misali daga ƙasashen waje. A 2010 wata masaniyar kimiyya, Melanie Stefan, ta yi rubutu a mujallar Nature tana ba da shawarar masana su riƙa ajiye jerin abubuwan da suka nema suka rasa. A 2016 Johannes Haushofer, malami a Jami'ar Princeton ta Amurka a lokacin, ya wallafa nasa jerin, ya kuma yaɗu a duniya. Sai dai a lura da wanda ya yi hakan: mutum ne da ya riga ya samu kujera a ɗaya daga cikin manyan jami'o'in duniya, kuma ba da wannan jerin ya nemi aikin ba. Ya yi ne don ƙarfafa gwiwar na baya. Matashin da ke fafutukar samun aikinsa na farko a Sakkwato ba matsayinsu ɗaya ba.

Masu cewa a yi shiru

Su kuma suna cewa an yi CV ne don a nuna abin da mutum ya mallaka. Ba wanda ke rubuta jami'o'in da suka hana shi gurbi, ko ayyukan da ya nema bai samu ba, ko sau nawa ya zauna JAMB, kuma ba wanda ke kiran wannan ƙarya. Mai tace takardu yana da tuli a gabansa, kallo ɗaya yake yi wa kowace, kuma yana neman dalilin rage yawansu ne. Wanda ya rubuta "na faɗi" ya miƙa masa dalilin da hannunsa, a wurin da ba shi da damar yin bayani.

A ganin wannan sharhi, hujjar waɗannan ta fi ƙarfi a kan takardar CV kanta. Amma da yawa daga cikinsu sukan zarce iyaka, su mayar da izinin yin shiru ya zama izinin yin kwalliya, daga nan kuma sai hujjar masu amana ta dawo da ƙarfinta.

Abin da fiƙihu ke haskawa

A gari irin Sakkwato ba a rabuwa da wannan tambaya ba tare da an taɓo addini ba, kuma masu jin nauyin yin shiru galibi tsoron ha'inci ne ke damun su. Tsoro ne mai kyau. A babin ciniki na fiƙihun Malikiyya, wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ke rage darajar haja ko amfaninta, kuma idan ya ɓoye, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Wanda ya kai rago kasuwar Kara yana sane da cewa yana da ciwo, ya yi shiru, ya ci haram. Amma ba a ɗora masa ya ba da labarin cewa wancan makon ya kawo ragon bai samu mai saye ba. Aibin da ake nufi shi ne wanda ke cikin abin da aka ƙulla ciniki a kansa.

Idan aka auna neman aiki da wannan ma'auni, tambayar ita ce: a kan me aka ƙulla? Idan tallar ta ce ana neman mai digiri a akanta da gogewar shekara biyu, mai nema kuma yana da su, faɗuwarsa wata jarrabawa da ba a shardanta ba bai rage komai daga abin da ya yi alkawari ba. Idan kuwa tallar ta ce sai mamban ICAN ko ANAN, shi kuma ya tsara takardarsa yadda za a zaci mamba ne, to ya sayar da abin da ba shi da shi. Alƙur'ani ya kawo labarin Annabi Yusuf, alaihis salam, yana neman a ɗora shi kan taskokin ƙasar Masar, ya ambaci siffofinsa biyu da suka dace da aikin, tsare amana da sani. Malamai sun kafa hujja da wannan wajen halascin mutum ya faɗi cancantarsa idan gaskiya ce kuma akwai buƙata. Rufin asirin kai ma abu ne da shari'a ta yarda da shi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, malaman fiƙihu ba su yi ƙaranci a garin ba, ya kai musu tallar aikin da takardarsa su duba tare.

Matsalar in view

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu ya ga yadda ake haɗa CV. Mai shago yana da samfuri a kwamfutarsa, na wani da ya zo jiya, sai ya goge suna ya sa na sabon mai zuwa, ya canja makaranta da shekara. Idan aka iso layin shaidar ƙwarewa yakan ɗago kai ya ce, "Kana ICAN?" Idan aka ce masa an taɓa zama, shi ke nan, sai ya bar layin yadda ya same shi: ICAN in view. Haka layin zai yi ta bin mutum daga takarda zuwa takarda, shekara biyar, shekara bakwai, alhali rabonsa da rajista tun zaman da ya faɗi.

Waɗannan kalmomi ba sa faɗin komai takamaimai, kuma don haka ake son su. Wanda ya rage masa darasi ɗaya ya gama yana rubuta su. Wanda ya sayi fom bai taɓa zama ba yana rubuta su. Wanda ya faɗi matakin tushe ya watsar shi ma yana rubuta su. Na farkon gaskiya ya faɗa, har ma ya tauye kansa. Na ƙarshen kuwa yana so ne a fahimci abin da ya san ba haka yake ba. Masu ɗaukar aiki sun daɗe da gane haka, shi ya sa tambayar farko da ke biyo baya ita ce, "Wane mataki kake, kuma yaushe ka zauna na ƙarshe?"

Cibiyar CFA ta fi kowa tsaurarawa a wannan fanni, kuma ƙa'idarta abin koyi ce ko ga wanda ba jarrabawarta yake yi ba. Mutum yana iya rubuta cewa ya ci mataki na ɗaya a shekara kaza, domin wannan ya faru. Ba zai kira kansa ɗan takarar mataki na gaba ba sai idan ya yi rajistar zama ko yana jiran sakamako. Ba zai liƙa haruffan CFA bayan sunansa da lambar mataki ba, kamar wata rabin shaida, domin babu rabin shaida. Ba kuma zai rubuta ranar da yake sa ran gamawa ba. Wanda ya saɓa yana iya fuskantar ladabtarwa tun bai zama mamba ba.

Akwai wasu kwalliyar da ya kamata a ambace su da suna. Rubuta "na ci matakin tushe" alhali rangwame aka yi wa mutum saboda digirinsa: sai a rubuta rangwame ne, ba abin kunya ba ne. Rubuta sunan mataki shi kaɗai, misali "ICAN, matakin ƙarshe", yadda mai karatu zai zaci an gama shi alhali yanzu aka shiga. Mafi muni shi ne sa ACA ko CNA ko ACIB bayan suna kafin rantsarwa. Wannan ya wuce kwalliya, dokar da ta kafa ICAN ta mayar da shi laifi mutum ya gabatar da kansa a matsayin mamba alhali ba mamba ba ne.

To, me za a rubuta?

Abin da aka ci, da shekarar da aka ci shi, da matsayin da ake ciki yau. Misali, wanda ya gama matakin tsakiya, ya ci darussa uku a na ƙarshe, ya faɗi sauran, zai iya rubuta: "ICAN: na kammala matakin tsakiya a Nuwamba 2023, na ci darussa uku a matakin ƙarshe, na yi rajistar zama mai zuwa." Babu ƙarya ko ɗaya a nan, babu kalmar faɗuwa, kuma duk akantan da ya karanta zai gane inda mutumin yake. Wannan layi ya fi in view nauyi nesa ba kusa ba.

Wanda ya faɗi matakin farko kuma ya sake rajista zai rubuta cewa shi ɗalibi ne mai rajista, zai zauna a wata kaza. Wanda ya faɗi matakin farko ya bar abin gaba ɗaya, ba shi da abin rubutawa a wannan layi, sai ya cire shi. Ilimin da ya samu bai ɓace ba, zai iya nuna shi a inda ake lissafa abin da mutum ya iya: haɗa rahoton kuɗi, lissafin haraji, daidaita asusun banki, aiki da manhajojin akanta. Giɓin shekarar karatu kuma jimla ɗaya ta ishe shi a wasiƙar da ke rakiyar takardar.

Idan an yi tambaya kai tsaye

A nan hukunci ya juya. Wasu ma'aikatu, musamman manyan kamfanonin binciken kuɗi, sukan tambayi sakamakon kowane darasi da yawan zaman da aka yi. A Ingila ma akan ga tallar aiki da ke cewa an fi son wanda ya ci a zaman farko. Fom ɗin tarihin ma'aikaci na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda masu neman aiki a hukumominta irin su UNICEF suka sani, yana ƙarewa da shaidar cewa ƙarya ko barin wani muhimmin bayani na iya jawo kora. Idan fom ya tambaya, sai a amsa yadda abin yake. Haka idan ma'aikata ce ta biya wa mutum kuɗin jarrabawa ko ta ba shi hutun karatu, tana da haƙƙin sanin sakamako ko ba ta tambaya ba.

A ganawar baki da baki kuwa, amsar da ta fi aiki gajera ce. Shugaban kwamiti zai duba takarda ya ce, "Malam, na ga tun 2023 kake matakin ƙarshe. Me ya tsayar da kai?"

"Ranka ya daɗe, na zauna darasin rahoton kuɗi na kamfanoni ban kai maki ba. Lokaci ne ya ƙure mini a tambaya ta farko. Yanzu ina gwada tsofaffin tambayoyi da agogo a gabana, kuma na yi rajistar zama mai zuwa."

Ya amsa, ya faɗi dalili, ya nuna gyara, ya tsaya. Abin da ke ɓata irin wannan amsa shi ne dogon uzuri: an yi mugun maki, cibiyar tana kayar da mutane don ta tara kuɗi, wane ya ci ne don ya san wani. Mai yiwuwa wanda ke sauraro mamban cibiyar ne, ba kuma zai ji daɗi ba. Wanda ya musanta faɗuwar gaba ɗaya kuwa, ya manta cewa ana iya ce masa ya kawo takardar sakamako kafin a ba shi wasiƙar kama aiki.

Abin da ka iya biyo baya

Illar yin shiru a CV kaɗan ce: iyakarta a yi tambaya a ganawa, a amsa. Illar rubuta faɗuwa ƙarara ita ce a ajiye takardar gefe tun a zagayen farko. Illar ƙarya ce ba ta da iyakar lokaci. Tantance mamba abu ne mai sauƙi, lamba ce kawai za a nema a tambayi cibiyar. Dokokin aikin gwamnati sun lissafa jirkita bayanai da ɓoye su cikin manyan laifukan da ke iya kai ma'aikaci ga kora, kuma aikin tantance ma'aikata da gwamnatoci kan yi lokaci-lokaci yakan tono takardun da aka shigar shekaru da dama baya. A harkar banki, sunan wanda aka kora kan rashin gaskiya yakan isa Babban Bankin Najeriya, sauran bankuna kuma sukan bincika kafin su ɗauki ma'aikaci. Wanda ya kai matsayin sa hannu a rahoton kuɗin babban kamfani kuma sai ya yi rajista da Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi ta Najeriya, wadda dokar 2011 ta kafa, inda za a nemi shaidar ƙwarewarsa ta ainihi.

Tarihin ƙasar nan ya nuna cewa matsalar takarda takan jira mutum ne sai ya hau sama. Salisu Buhari ya sauka daga kujerar Kakakin Majalisar Wakilai a Yulin 1999 bayan an gano cewa digirin Jami'ar Toronto da ya yi iƙirari ba gaskiya ba ne. Kemi Adeosun, wadda ita kanta ƙwararriyar akanta ce, ta ajiye muƙamin Ministar Kuɗi a Satumban 2018 kan takardar ɗauke mata bautar ƙasa da aka gano ba sahihiya ba ce, ko da yake ta ce ba da saninta ba ne. Ba ɗayansu da faɗuwa jarrabawa ta kayar. A Sakkwato ma ba sai an jira shekaru ba: wanda ke duba takardar mai yiwuwa shi ya koyar da mai neman a jami'a, ko a layi ɗaya suka zauna a ɗakin jarrabawa.

Masu ɗaukar aiki ma suna da rabonsu a wannan ruɗani. Tallar da ke cewa shaidar ƙwarewa "ƙarin fifiko ce" ba tare da faɗin wane mataki ake nufi ba ita ke tura matasa ga in view. Idan mamba ake so, a ce mamba, a nemi lamba. Idan wanda ya gama matakin tsakiya ya wadatar, a faɗi haka. Idan yawan zama yana da muhimmanci ga aikin, a sa tambayar a fom kowa ya amsa daidai da kowa. Sassan akanta na jami'o'i da kwalejin da ke garin, da rassan cibiyoyin kansu, za su rage wannan matsala sosai idan suka ware ko da lacca ɗaya kafin ɗalibai su fita, a nuna musu yadda ake rubuta matsayin jarrabawa.

Ga mai karatu da sakamakonsa bai yi kyau ba a zamansa na ƙarshe: ɗauko takardarka ka duba layin shaidar ƙwarewa. Idan akwai in view, goge shi, ka rubuta matakin da ka ci da shekararsa. Idan ba ka ci ko ɗaya ba kuma ba ka sabunta rajista ba, cire layin har sai ka sabunta.